"Na Ji Sauƙi, Na Daina"

 

Makonni uku da suka wuce, wasunmu sun je dubiya asibiti bayan sallar La'asar. Wanda muka je dubawa dattijo ne da kusan kowa ya san fuskarsa a sahun farko, mutumin da ya haura shekara ashirin yana neman halalinsa a garin nan na Abuja. Ba za mu kama suna ba, amma shi da bakinsa ya ce mu ba da labarin in dai zai amfani wani. Ƙusa ya taka a kasuwa, bai ma ji ba, sai da mai ɗakinsa ta ga jini a takalmi. Ciwon ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, ƙarshe dai aka yanke masa yatsu biyu na ƙafar dama.

Shekara shida ke nan da likita ya gaya masa yana da ciwon sukari, ya ɗora shi a kan ƙwayar magani safe da yamma. Ya sha na tsawon lokaci, sannan ya ajiye. Ɗayanmu ya ce masa, "Baba Alhaji, to me ya sa ka daina?" Sai ya ce, "Ɗana, ni fa na ji sauƙi, na daina. Kuma ku gaya mini tsakaninku da Allah, maganin da za ka yi shekaru kana sha bai warkar da kai ba, shi ma magani ne?"

Babu wanda ya ba shi amsa a ɗakin. Mun yi addu'a, mun ajiye ɗan abin da muka zo da shi, muka fito. Amma tambayar ta biyo mu har gida, don ba tambayar wauta ba ce, kuma mun san akwai masu irinta da yawa a cikinmu, daga 'yan katako na Dei-Dei da 'yan gwari na Zuba har masu shaguna a Wuse da Utako. Shi ya sa muka ga ya dace mu tsaya a kanta yau.

Bari mu fara da abin da ƙwayar take yi. Abincin da muke ci, tuwo ne ko shinkafa ko burodi, ciki yana narkar da shi ya zama sukari ya shiga jini. Akwai wani sinadari da ake kira insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take fitarwa, shi ne yake buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A irin ciwon sukarin da ya fi kama manya, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu, jiki yakan daina jin maganar insulin, ita kuma gaɓar takan gaji a hankali. Sai sukari ya taru a jini, ya riƙa cin jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa, ya kuma share wa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki hanya. Duk wannan ɓarnar tana iya tafiya shekaru mutum bai ji komai ba. Rashin jin ƙusar nan da Baba Alhaji ya yi, ai shi ma aikin ciwon ne: jijiyoyin da za su kai masa labarin zafi sun riga sun lalace.

Maganin da aka fi bai wa mutanenmu shi ne metfomin, wanda da yawa suka sani da sunan Glucophage. Yana rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini, yana kuma sa jiki ya ƙara jin insulin. Ana shan sa da abinci, don yakan dami ciki a farkon farawa, tashin zuciya ko gudawa, abin da galibi yakan lafa. Likita yakan duba ƙoda lokaci-lokaci, saboda ta nan maganin yake fita daga jiki. To a nan maganar take: abin da ka sha yau, aikin yau zai yi. Bai cire ciwon ba, riƙe shi ya yi. Sauƙin da mutum yake ji, ƙishirwa ta ragu, yawan fitsarin dare ya tsaya, alama ce cewa maganin yana aiki. In aka ajiye shi, sukari zai koma sama, ko mutum ya ji ko bai ji ba. Gaskiya ne akwai waɗanda likita kan rage musu magani, har ma ya dakatar, bayan sun rage ƙiba sosai sun gyara cimarsu. Amma da gwajin jini ake yanke wannan hukunci, ba da "na ji sauƙi" ba.

Mu 'yan kasuwa mun saba da ciniki mai ƙarshe. Ka biya, ka ɗauki kayanka, an gama. Haka muka san magani ma: zazzaɓin cizon sauro, kwana uku ka warke ka jefar da kwalin. Shi ya sa maganin da ba shi da ranar gamawa yake mana kama da cuta a ciniki. Sai dai mu duba, a cikin harkarmu ma akwai abin da muke biya kowane wata ba tare da ya ƙare ba. Kowane layi a kasuwa yana da maigadi. Shekara goma muna haɗa masa kuɗi, bai taɓa kawo ƙarshen sata a duniya ba, kuma ba mu taɓa ce masa ya cuce mu ba. Wa ya taɓa cewa, tunda wata shida ba a fasa shago ba, a sallami maigadi? Ai rashin fasawar shi ne abin da muka saya. Ƙwayar nan maigadi ce. Idon da kake karanta Alƙur'ani da shi har yau, ƙodar da ba ta kai ka layin wankin ƙoda ba, ƙafar da take kai ka masallaci, su ne kayan da take gadi. Wannan ita ce amsar da ya kamata mu ba Baba Alhaji a ranar: e, magani ne, don tsare lafiyar da ta rage shi ma babban aiki ne.

Akwai kuma wata magana da ta fi wannan nauyi a zukatan masu tsoron Allah. Wani yakan ce, in na ɗaure rayuwata a kan ƙwaya safe da yamma har in mutu, ina tawakkalina? Ba Allah ne Mai warkarwa ba? Shi ne, babu shakka, kuma duk wanda ya ɗauka ƙwayar ce da kanta take raya shi ya kauce hanya. Amma malamanmu sun sha karantar da mu labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Sun kuma karantar da mu yadda Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, da yadda ya nuna wa masu ganin ya guje wa ƙaddara cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Raƙumi kuwa ba sau ɗaya ake ɗaure shi a rayuwa ba, kowane dare ne. Abinci ma kullum muke ci, bai taɓa warkar da yunwa har abada ba, ba mu kuma taɓa jin wanda ya ce cin tuwo rashin tawakkali ne ba.

Don mu yi adalci, a cikin magabata akwai waɗanda suka bar magani suka yi haƙuri da ciwo, kuma malamai da yawa ba su ɗauki neman magani a matsayin wajibi a kowane hali ba. Sai dai sun bambanta tsakanin maganin da amfaninsa zato ne da wanda aka jarraba aka tabbatar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga mutuwa, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa. To ciwon da ke kai mutum ga makanta da yanke ƙafa, a wane ɓangare ya faɗa? Kowa ya auna da kansa.

Wani kuma cewa yake, ni na fi yarda da na gargajiya, wannan na Bature ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, shi kansa metfomin daga tsiro labarinsa ya faro. Akwai wani ganye da mutanen Turai suka daɗe suna magani da shi a gargajiyance, aka gano yana ɗauke da sinadarin da ke sauke sukari, amma yana da guba. Masana suka yi ta bin sawun sinadarin, aka haɗa metfomin a 1922, ya zauna shekaru ba a kula shi ba, sai a 1957 wani likita a Faransa mai suna Jean Sterne ya gwada shi a kan masu ciwon sukari. Sunan Glucophage ma'anarsa mai cin sukari. Ingila ta fara amfani da shi a 1958, Amurka kuwa sai a 1995 ya shiga kasuwarta. A 1998 wani dogon bincike da aka yi a Birtaniya ya nuna yana rage mace-mace da ciwon zuciya ga masu ciwon sukari masu ƙiba. Yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ashe bambancin da ke tsakaninsa da jarkar da ake tallata wa da lasifika a bakin tasha shi ne awo da shaida. An san nawa ne a cikin kowace ƙwaya, miligiram 500 ko 850 ko 1000, an san illarsa, an san wanda bai kamata ya sha ba. Mu da ba ma yarda a auna mana shinkafa da mudun da ba mu sani ba, yaya za mu zuba wa ƙodarmu abin da ba a auna ba? Ba muna zagin masu maganin gargajiya ba ne, akwai masu amana a cikinsu. Amma duk wanda ya ce maka zai raba ka da ciwon sukari kwata-kwata cikin kwana arba'in, ka jefar da maganin asibiti, to ka tambaye shi ina zai kasance ranar da za a shiga da kai ɗakin tiyata. In kana shan zogale ko shuwaka ko wani jiƙo, gaya wa likitanka, kada ka ɓoye. Zuma ma, duk da albarkarta, tana ɗaga sukari, sai da lissafi.

Yanzu ga wadda ta fi wuya, wadda ba a cika faɗa a fili ba. Da muka sake komawa wajen Baba Alhaji, mu biyu kawai, sai ya ce, "Gaskiyar magana, har da kuɗi." Yana da iyali a nan, yana da tsohuwa da marayun ƙaninsa a gida, kowane ƙarshen wata waya na jiransa. Tun 2023, da aka cire tallafin mai a watan Mayu aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi kamar komai. Sai ya duba ya ga kuɗin makarantar yara a hannu ɗaya, kuɗin maganinsa a ɗaya hannun, ya zaɓi yara. Wa zai ce wannan mugun mutum ne? Abin da muka taso muna yabo ke nan, magidancin da ke hana kansa don nasa su samu. Mu da muka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, ai dalilin zamanmu a nan ke nan.

Amma mu yi lissafin har ƙarshe. Watannin da ya kwanta, shago a rufe, kuɗin asibiti ya cinye abin da ya fi kuɗin maganin shekaru, wayar ƙarshen wata kuma ba a amsa ta ba. Waɗanda ya hana kansa dominsu su ne suka fara shan wahalar. Jikin magidanci ba nasa ba ne shi kaɗai. Amana ce daga Allah, kuma matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa duk suna da haƙƙi a cikinsa, kamar yadda masu jari suke da haƙƙi a shagon da aka ba ka riƙo. Wanda ya sayar da ƙofar shago don ya ƙara kaya a ciki bai taimaki masu jari ba. Saboda haka kuɗin magani yana layi ɗaya da kuɗin cefane, kuma mai sayensa bai yi son kai ba.

To in babu fa, babu ɗin gaske? A nan nauyin ya tashi daga kansa ya dawo kanmu. Muna haɗa kuɗi cikin awa ɗaya in an yi rasuwa, a sayi likkafani a ɗauki mota a kai gawa gida, kuma hakan alheri ne. Amma abin kunya ne a ce mun fi saurin haɗa kuɗin kai mutum kushewa fiye da kuɗin da zai riƙe shi a kan ƙafarsa. Mara lafiyan da ya kasa sayen magani mabuƙaci ne, zakka da sadaka suna halatta gare shi. Akwai kuma hanyoyin rage nauyin. Metfomin ba na kamfani ɗaya ba ne, kamfanoni da yawa suna yin sa, sunan kwali ya bambanta amma sinadarin ɗaya ne, sai a tambayi likita ko mai ilmin haɗa magunguna wanda ya fi sauƙin kuɗi. Babban Birnin Tarayya yana da tsarin inshorar lafiya da 'yan kasuwa ma za su iya shiga, ya kamata shugabannin layukanmu su je su ji sharuɗɗansa su dawo su yi wa jama'a bayani.

Sai dai neman araha kada ya kai mu ga jabu. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta sha faɗa cewa 'yar'uwarta mai ciwon sukari ta rasu a 1988 sakamakon jabun insulin. Kuma a 2010, da hukumar ta fara tsarin nan na kankare jikin magani a aika lamba ta waya don a tabbatar da sahihancinsa, a kan Glucophage aka fara gwada shi. Mu sayi magani a kantin da ke da rajista, mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. 'Yan'uwanmu masu sayar da magani kuma su ji tsoron Allah. Mai sayar da jabun atamfa kuɗi ya ci, mai sayar da jabun maganin sukari kuwa idon mutum da ƙafarsa ya ci.

Saura maganar ɓoyo. Da yawa cikinmu, maza da mata, suna ɓoye ciwon kamar abin kunya. Magidanci ba ya so a ce ya fara rauni, mace ba ta so kishiya ko dangin miji su ji. Sai a zauna wajen walima a miƙo lemon kwalba, mutum ya karɓa don kada a tambaye shi dalili. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, kimanin miliyan 3.6 a Najeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Abin da ya kama wannan adadi ba abin kunyar kowa ba ne. Ɓoyon kuma yana da haɗari. Akwai wani rukunin ƙwayoyin, irin su Daonil, da suke matsa wa jiki ya fitar da insulin. Wanda ya sha irinsu bai ci abinci ba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa sosai: gumi, rawar jiki, ruɗewa, har suma. In maƙwabcin rumfarka ya sani, zai ba ka abu mai zaƙi nan take muddin kana iya haɗiya, ya garzaya da kai asibiti. In bai sani ba, sai ya tsaya yana yayyafa maka ruwa yana tofi, lokaci na wucewa. Don wannan bambancin ne ma bai halatta ka ba wani maganinka ba wai don ciwonku iri ɗaya ne.

Haka batun azumi. Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, kuma Majalisar Fiƙihun nan ta zauna musamman a kan ciwon sukari da azumi a Sharja a 2009, ta kasa marasa lafiya gida-gida bisa girman haɗarin da ke kansu. Da yawa daga masu shan metfomin suna iya yin azumi bayan likita ya gyara musu lokutan sha zuwa buɗa-baki da sahur, wasu kuma bai kamata su yi ba sam. A je wajen likita tun da sauran wata ɗaya ko biyu, kada a bari sai an ga wata. Ɗigon jinin da ake ɗauka a yatsa don gwaji ba ya karya azumi. In mita ta nuna ƙasa da 70, ko sama da 300, a ma'aunin miligiram, likitoci sun ce a sha ruwa, ko da saura kaɗan rana ta faɗi. Maganar ramuwa ko ciyarwa kuma, ga liman nan, a tambaye shi. Karɓar rangwamen Allah biyayya ce gare Shi.

Iyayenmu mata, ku ne masu tukunya, rabin maganin nan a hannunku yake. Ku rage tuwo ku ƙara miyar ganye da wake, ku tuna wa maigida lokacin magani ko da zai ɓata rai, ku ma ku je a gwada ku. Matasa, in kun kai tsohonku asibiti ku shiga da shi wajen likita, ku riƙe abin da aka faɗa. Masu walima, a ajiye ruwa kusa da lemo, kuma in mutum ya ce a'a, kada a ce masa "haba, ɗaya dai". Mun kuma kai wa kwamitin masallaci shawarar a ware wani abu daga asusun taimako don masu shan magani na dindindin, a riƙa bayarwa cikin sirri.

Baba Alhaji ya dawo masallaci Juma'ar da ta wuce, yana dogara sanda, ya yi salla a kan kujera a gefen sahu. Da aka idar ya ciro ƙullin maganinsa daga aljihun da yake ajiye carbi ya nuna mana, ya ce, "Ga maigadin naku nan, na mayar da shi bakin aiki." Muka yi dariya, shi ma ya yi. Yatsun dai ba za su dawo ba, amma saura takwas, ga ido biyu, ga ƙoda, kuma duk sun cancanci gadi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, Ya hore mana abin sayen magani ta hanyar halal, Ya ba mu ikon riƙe amanar jikinmu har ranar da zai karɓi abinsa. Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin. Juma'a mai albarka.